Wasiƙuna Sun Bi Ni, Nata Sun Kwanta a Bayan Ƙofa

Da Allah zai ba ni ikon komawa baya in warware abu ɗaya da hannuna ya ƙulla, ba zan taɓa shekarun da na yi ina tuƙa bas a Manchester ba, duk da zagin da na sha a bakin fasinjoji. Zan koma wata safiyar Talata ne, cikin gidan waya na unguwarmu Longsight, in ɗauki biro in ƙara suna ɗaya a kan wata takarda. Sunan matata, wadda muka yi shekara talatin da takwas tare. Ban rubuta shi ba. Saboda haka takardar kiran aikin idonta, wadda ta fi shekara tana jira, ta zo ta kwanta a bayan ƙofarmu, ni kuwa ina can ina nuna wa mai yanar ido duwatsu da teku.

Na faɗi wannan tun farko don masu tare ni bayan sallar Juma'a su huta. Tun da muka dawo ba ni da sakat. "Direba, yaya tafiya?" "Malam Iro, wai da gaske har banɗaki akwai a cikin motar?" Kowa so yake in ba shi labari mai daɗi, ya je ya gaya wa iyalinsa cewa tsoho ya yi ritaya ya waye. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Wanda ya ƙara tambayata sai in miƙa masa.

Da na ajiye aiki na tarar ban iya zaman gida ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tsayawa duk inda aka danna masa ƙararrawa, ya so ko bai so ba, burinsa ɗaya ne, ya sami motar da ba ta da ƙararrawa. Na sami wata tsohuwar motar kwana a hannun wani Bature da gwiwoyinsa suka riga injinta gajiya. Irin motar nan ce mai ɗaki a bayanta: gado, murhun gas, wurin wanke kwano, da banɗakin da idan ka shiga sai ka zaɓa, ko kai ko butarka. Ranar da na kawo ta layinmu Hajiya ta zagaye ta tana shafa jikinta da hannu, ta ce, "Malam, akurki ka sayo mana?"

Na ce mata Turawa masu hali ne ke shiga irinta.

Ta ce, "To Allah Ya sa masu halin suna samun wurin miƙe ƙafa."

Ba ta ƙi tafiyar ba. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Takardar asibiti fa?" Yanar ido ta kusa rufe mata na dama, ta fara kama na hagu. Likita ya sa ta a layi, ya ce a jira takarda ta gidan waya, ita za ta faɗi ranar aiki. Na gyara zama na ce, "Hajiya, ƙasar nan akwai tsari. Takarda ɗaya ake cikewa, duk inda mutum ya ce a riƙa kai masa wasiƙunsa can za a kai. Ki bar wannan a hannuna."

Maƙwabciyarmu Saratu, 'yar Kafanchan mai aikin kula da tsofaffi, wadda ba ta taɓa dawowa daga coci ba tare da ta leƙo ta gaishe mu ba, ta ce, "Baba, ku bar mini makulli kawai. In zan wuce in duba, in ta asibiti ta zo in buga muku waya." Abu mai sauƙi kamar shan ruwa. Amma ni an haife ni a gidan da ba a barin makulli a hannun maƙwabci, ba a kuma tallar tafiya sai an dawo. Na yi mata godiya mai yawa, irin wadda ake yi wa mutum idan ba za a karɓi abinsa ba.

Dabarata ita ce a karkatar da wasiƙunmu zuwa shagon abokina Alhaji Tanko, wani Bakano mai sayar da yadi da turare a Sparkbrook ta Birmingham. Duk bayan mako uku mu biyo ta wurinsa mu kwashe abin da ya taru. Na je gidan waya na cike takarda. Matar da ke bayan gilashi ta duba ta ce, "Kai kaɗai ne a gidan?" Na ce ni ne maigida. Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba. Duk wanda ake so wasiƙunsa su bi, sai an rubuta sunansa an kawo shaidarsa.

Na ji ta sarai, kada wani ya ce Turanci ne ya ba ni wahala. Fasfon Hajiya yana gida, tafiyar minti goma. A bayana akwai layi, har da mutum biyu 'yan masallacinmu. In fita in dawo kamar wanda aka aika ya manta saƙo? Sai na tuna garinmu. A can unguwa guda akwatin hedimasta take amfani da shi, kuma wasiƙa ko ta matar wa ce, ta hannun mijinta take zuwa. Na ce a raina, mai kawo wasiƙar nan shekara nawa yana ganinmu tare, ai ya san inda na tafi can matata take. Ban tsaya na tuna cewa Hajiya sunan mahaifinta ne a duk takardunta ba, kamar yadda muka saba, kuma injin da ke rarraba wasiƙu bai halarci ɗaurin aurenmu ba. Na sa hannu. Matar ta ɗaga kafaɗa ta buga hatimi. Na koma gida na ce wa Hajiya an gama.

Muka tashi da hantsi a farkon lokacin zafinsu, muka hau babbar hanyar kudu. Abu na farko da na lura da shi, duk mai irin motarmu da muka yi kiciɓis da shi sai ya ɗaga mini hannu. Da farko na zaci wani abu ne ya faɗo daga motar, har na ratse gefe na duba tayoyi. Ashe gaisuwa ce. Mutanen da za ka yi shekara ashirin bango ɗaya ya raba ku ba su san sunanka ba, su ne ke yi maka sannu a kan titi kuna gudu, inda suka tabbata ba za ka tsaya ka tambayi lafiyar iyali ba.

Bakin Birmingham akwai wata mahaɗa da hanyoyi suka hau kan juna kamar an zubar da taliya. Ni da ake kira Direba, sau uku na zagaye ta. A karo na uku Hajiya ta ce, "Malam, ko dai ni ce ba na gani, ko wannan gadar mun gaisa da ita ɗazu." Da muka kuɓuta muka shiga Stratford Road, na nemi wurin ajiye mota na shiga wani fili mai ƙarfe a giciye a sama. Na manta yanzu gida nake ja. Ƙarfen ya kwashe murfin tagar rufi, ya jefar da shi a gaban wani shagon nama. Alhaji Tanko yana tsaye a bakin shagonsa ya ga komai.

"Lale da Bazazzagi!" in ji shi. "Tun daga Manchester ka zo ka yi wa gidanka aski?"

"Alhaji, garinku ne ba a yi shi don manyan mutane ba."

"Manyan mutane suna kwana a gida, Direba. Hajiya, sannu da haƙuri. Shekara nawa kina fama, yanzu kuma an ɗora ki a kan taya."

Ya ba mu shayi da gurasa, ya nuna mini wani buhun shinkafa da ya rataye a bayan kanta, ya ce nan ne sabon gidan wayana. Ya rantse ko ƙuda ba zai taɓa amanar ba. Muka liƙe rufi da leda da salatif, muka yi yamma.

Iyakar Wales ta ba ni kunya. Tun da daɗewa na ji ana cewa wata ƙasa ce daban mai harshenta, saboda haka na fito da fasfo biyu na ajiye a gabana, na gyara hula, na shirya amsar "me ka kawo mana". Ba soja, ba katako mai ƙusa, ba mai leƙa tukunya. Allo ne kawai a gefen hanya, da rubutun da ya yi kama da an zazzage haruffa daga buhu. Na karanta wa Hajiya, ta ce in daina kada in kira wani abu. Bayan allon sai tumaki, dubbai, ba makiyayi, ba sanda, ba kare. Na ce, "Hajiya, dubi dukiya a sake!" Ta juya ta ƙura wa taga ido ta ce, "Na ga fari-fari. Na ɗauka duwatsu ne." Na yi dariya. A lokacin abin dariya na ɗauke shi.

Masaukinmu na farko wani fili ne na manomi, an yanka shi gida-gida, kowace mota da gurbinta da sandar lantarki. Nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutum ya bar gidansa mai ɗaki huɗu da ruwan zafi, ya zo ya zauna a kujerar roba cikin yayyafi, yana riƙe da kofin shayi, yana kallon bayan motar wani. Wannan shi ne hutu. A garinmu in aka ga dattijo a haka, taro za a yi a tambayi me 'ya'yansa suka yi masa.

Sai maganar banɗaki, tunda ita kuka fi tambaya. Akwai shi. Abin da ba a gaya muku shi ne, duk abin da ya shiga yana taruwa a wani akwati mai taya a ƙarƙashin mota, kuma mai motar ne zai jawo shi da hannunsa ya kai wurin zubarwa. Da safe sai ka ga dattawa a jere, kowa yana jan nasa kamar masu shiga jirgi, suna gaya wa juna cewa yau gari ya yi kyau. A wannan layi na san Derek, tsohon mai gyaran famfo, shi ya nuna mini yadda ake buɗe murfin ba tare da an yi wa takalmi wanka ba. Ya makara da minti ɗaya. Ni da na ƙi barin makulli a hannun Saratu don kada a ga asirin gidana, ga ni ina jan asirin gidan a bainar jama'a, ana yi mini barka da asuba.

Abinci kuwa, mun tafi da garin semo, kuka, daddawa da yaji. Ranar da Hajiya ta fara kaɗa miya a cikin wannan akurki, na'urar hayaƙi ta ɗauki kuka, karnukan filin suka amsa mata. Maureen, matar Derek, ta rugo da gudu ta zaci gobara ce, ta tsaya a ƙofa ta shaƙi daddawa ta ja da baya, ta ce cikin ladabi wai ƙamshin yana da ban sha'awa. Na zauna da Turawa na san ma'anar wannan. Amma ta dawo da cokali. Derek ya ɗebi yaji kamar gishiri ya barbaɗa a kan dankalinsa, ya yi minti biyar yana hawaye yana cewa lafiya lau. Su kuma suka rama mana da kifi da dankalin da aka jiƙa da ruwan tsami, da wani koren wake da aka dama har ya manta shi wake ne. Hajiya ta ci ta ce, "Allah Ya amfana. Amma mai wannan girkin fushi take da mijinta."

Alƙibla ma sai da ta zama aiki. Kowane masauki motar takan fuskanci wani gefe, yau ka yi salla kana kallon murhu, gobe kana kallon ƙofar banɗaki. Hajiya ta bar karatun Alƙur'aninta mai manyan baƙaƙe a mako na biyu, ta ce hasken motar ne ba shi da kyau. Na sayo sabon ƙwan fitila na sa. Ba ta koma karatun ba, ni kuma ban tambaya ba.

Bayan mako uku muka koma Sparkbrook. Buhu ya yi nauyi, na ji daɗi, na ce wa Hajiya, "Kin ga tsari?" Na zazzage a kan kanta. Akwai masu tallar kujerar da ke ɗaga tsoho ta tsayar da shi. Akwai masu son in shirya jana'izata tun yanzu don in huta. Akwai ta kansul, wato hukumar gari, a kan ranar kwashe shara. Har da ta masu gwajin tabarau, suna tuna mini lokacin duba nawa idon ya yi. Sun fi ni sanin abin da ke damuna.

"Tawa fa?" in ji Hajiya.

"Ba ta iso ba tukuna. Kin san layin da tsawo."

Zagaye na biyu muka yi arewacin Wales, muka daɗe, don na gaji da gadar taliya. Alhaji Tanko ya ga mun wuce lokaci, sai ya yi abin da kowane mutumin kirki zai yi a gida: ya nemi mai tafiya. Ya sami wani malamin jami'a ɗan Katsina da ya zo sayen turare, ya ji zai tafi Wales, ya ɗaure wasiƙuna a leda ya damƙa masa. Ya bugo mini yana murna.

"Direba, saƙonka yana hanya. Na ba wani bawan Allah mai zuwa Wales."

"Wane gari a Wales, Alhaji?"

"Wales dai. Gari nawa ne da su?"

Mutumin Cardiff ya tafi, can ƙarshen kudu, mu muna ƙarshen arewa. Kamar a ce kana Sakkwato a ba mai zuwa Yola saƙonka don duk Arewa ce. Daga Cardiff ya wuce wani taro, ya bar ledar a wurin wani, wanin ya ba wata mai zuwa biki Birmingham. Wasiƙuna sun fi ni ganin ƙasa. Amma wannan leda ta yi mini amfani, Allah Ya yafe mini. Mako biyar duk lokacin da Hajiya ta tambaya sai in ce, "Ai taki tana cikin waɗanda suka tafi Cardiff." Na faɗa har na fara yarda.

A cikin waɗannan makonni Allah Ya aiko mini da gargaɗi sau biyu, na mayar da su duka. Saratu ta bugo ta ce, "Baba, na leƙa ta gilashin ƙofarku, takardu sun taru sosai fa." Na ce mata tallar abinci ce, duk wasiƙar kirki tana Birmingham. Ta ce, "To, Baba, amma na ga kamar akwai fararen ambulan." Na tambaye ta lafiyar yara. Sai 'yarmu Zainab, wadda ke aure a Glasgow, ta ce, "Baba, it's been too long, jiran ya yi yawa, bari in kira asibitin in ji inda Mama take a layi." Na hana ta. Na ce ba a damun ma'aikata, wanda ya cika tambaya shi ake mayarwa baya. Wannan ilimi na kawo shi ne daga sakatariyar ƙaramar hukumarmu, na riƙe shi shekara arba'in kamar gado. Lambar da asibiti ke da ita kuwa ta wayar gida ce, wadda ke can tana ƙara a falo, kujeru suna saurare.

Muka kai bakin teku. Na ajiye mota a kan wani tudu, na kama hannun Hajiya na fito da ita. Rana ta fito, ruwa shuɗi har iyakar gani, ga jiragen ruwa ƙanana. Na yi ta nuni ina bayani kamar ni na haƙa shi. Ta tsaya, iska tana kaɗa mayafinta, can ta ce, "Yana da ƙara, kam." Sai ta ce in mayar da ita ciki, hasken yana sukar idonta. Da za ta hau ta laluba matakalar da ƙafa sau biyu kafin ta same ta. Matakalar da ta yi wata uku tana hawa.

A wata na huɗu ledar Cardiff ta dawo Sparkbrook, muka je. Alhaji Tanko ya haɗa ta da abin da ke buhu ya tara a kan kanta. Na fara bincike da sauri ina jefar da na banza. Hajiya tana zaune a kan kujera tsakanin bandiran yadi. Sai ta ce, "Malam, dakata. Alhaji, don Allah kai ka karanta mini. Ba abin da ke ciki ba. Sunan da ke baya kawai."

Alhaji ya ɗauka yana karantawa. Ibrahim. Ibrahim. Ibrahim. Ya kai wajen ashirin, muryarsa tana raguwa, wasan Kano da Zazzau ya ƙare.

"Buhun farko ma haka ne?" in ji ta.

Ya ce shi dai bai taɓa ganin wani suna ba.

Ta juyo inda take jin numfashina. "Malam, ni da masu tallar labule ba sa bari in huta. Ni da GP, likitan unguwarmu, ke aiko wa takarda a kan hawan jini duk bayan 'yan watanni. Wata huɗu ko ta banza ɗaya ba ta zo da sunana ba? Da ka je gidan wayan nan, me ka rubuta?"

Na ce na rubuta gidanmu.

"Ban ce gida ba. Suna nawa?"

Alhaji Tanko ya tuna yana da aiki a bayan shago.

Daga Birmingham zuwa Manchester na tuƙa motoci iri-iri, ban taɓa jin tsawon hanyar kamar ranar ba. Masu irin motarmu suna ta ɗaga mini hannu. Hajiya carbinta kawai take ja. Muka iso Longsight da la'asar. Na sa makulli, ƙofa ta ƙi buɗuwa, sai da na sa kafaɗa. Takardu ne suka tokare ta. Saratu ta ji motsi ta fito, ta durƙusa ta taya ni tsincewa, ba ta ce "ai na faɗa" ba, wanda ya fi mini ciwo da ta faɗa. A cikin tallar abincin da na ce, ta zaro fararen ambulan uku ta miƙa wa Hajiya, ta yi mana sai da safe tun rana ba ta faɗi ba.

Hajiya ta zauna a falo ba ta cire mayafi ba. Ta jujjuya su a hannu, ta kai ɗaya kusa da fuska, ta sauke. Ta miƙo mini. "Karanta. Kuma yadda aka rubuta, ba yadda kake so ba."

Ta farko ta zo kwana tara bayan tashinmu. Ta ba da ranar aiki. Na lissafa, ranar muna filin manomi, ina jan akwati. Ta biyu ta ce ba a gan ta ba, ga wata rana, in ba ta dace ba a kira wannan lamba. Ta uku gajera ce. Tunda an kira sau biyu ba a amsa ba, an cire sunanta daga layi, an mayar da ita wurin GP. In har yanzu tana bukata, sai a sake daga farko.

Na gama na jira faɗa. Da ta yi ihu da na sami abin riƙewa. Sai ta ce, "Ɗora mini ruwan shayi. Ba na ganin wutar murhu sosai."

Washegari muka je wurin GP. Yarinyar da ke karɓar mutane ta buɗe kwamfuta ta ce akwai gurbin da za ta cike, dalilin rashin zuwa. Ko rashin lafiya ne? Ko takardun ba su iso ba? Ga ƙofa an buɗe mini, in ce ba su iso ba, kowa ya zagi gidan waya a wuce wurin. Hajiya tana jin Turanci fiye da yadda take nunawa. Ta taɓa hannuna ta ce da Hausa, "Malam, faɗa mata." Ɗakin jira cike yake, har da wata mai sayar da kifi a kasuwar Longsight da ta san mu. Na ce takardu sun iso a kan lokaci. Na ce mijinta ne ya karkatar da nasa wasiƙun ya bar nata. Yarinyar ta ɗago ta dube ni, ta dubi Hajiya, ta rubuta. Ban san da wace kalma ta taƙaita ni ba. An sake sa ta a layi, daga can ƙarshe, kuma likita ya ce idon hagu ma yanzu ya kai a yi masa.

Yau wata biyar ke nan muna jira. Zainab ta zo ta sa lambar uwarta a asibiti, ta sa tata, ba ta nemi tawa ba. Ni ke yanka albasa, ni ke duba kwanan watan magani, ni ke riƙe hannu a bakin titi. Motar tana ajiye a layinmu da ledarta a ka. Makon jiya wani ya zo ya taya, na shiga na gaya wa Hajiya zan rabu da ita, ina tsammanin za ta ce alhamdu lillahi.

Ta ce, "Ba za ka sayar ba."

Na ce ai ita ce ta jawo mana duk wannan.

"Mota ba ta riƙe biro, Malam. Ka bar ta inda take. Ka kai ni na ji ƙasar nan da kunne, na ji tumaki, na ji teku. In an buɗe mini ido za ka sake ɗaukata, ka bi duk inda muka bi, tun daga gadar da ka ɓata. Ina so in ga abin da kake ta nunawa."

To jama'a, wannan shi ne yadda tafiya ta kasance. Roƙona gare ku, musamman ku dattawa irina da kuka saba a ce gida naku ne: kada ku yi abin da na yi. In za ku yi nisa, ku zauna ku tambayi kowa a gidan abin da yake jira, ku rubuta kowa da sunansa, ku bar makulli a hannun wanda ya ce a bar masa, in 'ya'yanku sun ce za su buga waya ku ƙyale su. In mai bayan gilashi ta ce ku koma gida ku ɗauko takarda, ku koma, ko da duk masallaci ne a layi. Kuma wanda ya karanta wannan, in ya tashi addu'a, ya sa Hajiya a ciki, Allah Ya kawo ranar aikinta tun da sauran haske a idon hagu.